Tuwon Dare da Nauyin Jiki: Magana ga Manoman Ƙetare da Kewaye

'Yan'uwa manoma, a ƙasarmu ta Ƙetare da sauran garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, babban abincin gida shi ne na dare. Haka muka taras, haka kuma muke yi. Da safe mutum ya sha koko ko ya ci ɗumame ya tafi gona. Da rana ya sha fura in akwai. Sai bayan faɗuwar rana a kawo akushin tuwo, kowa ya zauna ya ci ya ƙoshi. Wannan tsari ya yi wa kakanninmu daidai, gama sun yini suna huɗa da garma, suna noma da fartanya, matansu suna daka da niƙa da ɗiban ruwa. Abin da suka ci da dare, gona ta cinye shi kashegari.

Yau ba haka abin yake ga kowa ba. A cikin ƙungiyoyinmu akwai maza da mata da malamin asibiti ya ce musu su rage nauyi saboda hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon gwiwa. Da yawa sukan yi ƙoƙari da rana, amma da dare sai abin ya fi ƙarfinsu. Domin su ne muka kawo wannan magana, da kuma domin masu dafa musu abinci.

Ƙiba a ƙasar da ake fama da yunwa

Wani zai ce, ina ruwanmu da zancen ƙiba alhali yara suna ramewa? Tambaya ce mai kyau. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa a Jihar Katsina, wajen yara 6 cikin 10 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya kamata ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Wannan binciken kuma ya nuna cewa a ƙasar duka, mata 28 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Watau matsalolin biyu suna tare a ƙasa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya. Maigida yana da tumbi, ƙaramin yaro kuwa ƙafafunsa kamar sillen kara. Akushi mafi girma da tsokar nama suna zuwa zaure, yara suna jiran abin da ya ragu.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai yawa, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. A dā ana cewa ciwon masu kuɗin birni ne. Yanzu ya iso ƙauye.

Mun saba ganin ƙiba alamar hutu ce da wadata. Idan mutum ya yi jiki sai a ce masa, “Ka yi kyau, ka murmure.” Amma kitsen da ya taru a ciki yana sa zuciya aiki fiye da kima, yana hana jiki sarrafa sukari yadda ya kamata. Ƙarshensa hawan jini, da ciwon sukari, da shanyewar ɓarin jiki. Manomin da ɓarin jikinsa ya shanye ba shi kaɗai ya kwanta ba. Gona ta kwanta, kuɗin taki ya tafi magani, yara sun bar makaranta.

Me ya sake?

Aiki ya ragu wa jiki, amma akushi bai ragu ba. Injin niƙa ya karɓi aikin dutse da turmi. Maganin feshi ya karɓi rabin aikin fartanya. Tafiyar da a dā ake yi a ƙafa zuwa kasuwar Ƙanƙara ko ta Sheme, yanzu a kan babur ake yi. Waɗannan abubuwa taimako ne, ba mu ce a bar su ba. Sai dai jikin da bai yi wahalar dā ba, ba ya bukatar cin dā.

Na biyu, shekarar manomi ba ɗaya take ba. Daga Yuni zuwa Oktoba aiki ya yi yawa, hatsi kuwa ya yi ƙasa a rumbu. Daga Nuwamba masara da dawa da waken soya sun shigo gida, an sayar da auduga, kuɗi ya zo hannu. A lokacin ne ake bukukuwan aure, da bikin godiya, da Kirsimati, da sabuwar shekara. A lokacin ne kuma aiki ya fi ƙaranci. Wanda ba ya noman rani yakan yi wata biyar ko shida yana ci kamar mai huɗa, yana zaune kamar mai jiran kanti.

Na uku, rashin zaman lafiya. Kowa a nan ya san abin da ya faru a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300, da irin wahalar da ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka sha a hannun 'yan bindiga. Waɗansu sun bar gonakinsu na nesa. Waɗansu sun koma Funtuwa ko Malumfashi sun kama ƙaramar sana'a ta zama. Maza da yawa sun saba kwana a waje suna gadin gari, mata kuma suna kwana ido biyu. Mai tsaron dare yakan nemi abin taunawa, mai damuwa kuma yakan ci abinci ko ba ya jin yunwa.

Na huɗu, teburin mai shayi. A dā idan an gama tuwo an gama ci, sai dai rake ko gyaɗa a wurin hira. Yanzu akwai shayi mai madara da sukari, da burodi, da indomi da ƙwai, da tsire, da awara, da lemon kwalba, har tsakar dare. Mutum ya ci tuwo a gida, ya fita hira, ya sake cin abinci na biyu bai lissafta shi ba.

Abin da masana suka gano game da dare

Mu faɗi gaskiya tukuna. Abincin dare ba dafi ba ne. Abin da ke sa ƙiba shi ne mutum ya riƙa cin fiye da abin da jikinsa ke ƙonewa, yau da gobe. Amma dare yana da nasa tarko.

Tun a 1955 wani likita a Amurka mai suna Albat Stankad ya bayyana halin waɗansu masu ƙiba. Ba su jin yunwa da safe, suna cin yawancin abincinsu da dare, ba su kuma samun barci sosai. Abu ɗaya yana jawo ɗaya. Wanda ya cika ciki da dare ba ya son karyawa, wanda bai karya ba kuwa yakan iso dare da yunwa mai tsanani.

A 2004 masana a Jami'ar Shikago suka gwada samari 12. Suka bar su su yi barcin awa huɗu kaɗai har dare biyu. Sinadarin jini mai gaya wa mutum ya ƙoshi ya ragu da 18 cikin 100, mai tada yunwa kuwa ya ƙaru da 28 cikin 100. Samarin suka fi marmarin kayan zaƙi da na gishiri da na gari. Wannan ya bayyana abin da masu gadi suke ji da ƙarfe ɗaya na dare. Ba kwaɗayi kaɗai ba ne, rashin barci ne ke kiran abinci.

A 2022 kuma aka yi wani gwaji a wani asibiti a Boston da mutum 16 masu nauyi. Aka ba su abinci iri ɗaya, yawa ɗaya, sai dai a wani zagaye an jinkirta shi da awa huɗu. Da aka jinkirta, sun fi jin yunwa, jikinsu kuma ya ƙone abinci ƙasa da yadda ya yi a ɗaya zagayen. Mutanen ba su da yawa, amma abin da aka gani ya yi daidai da abin da muka sani. Banda wannan, mai kwanciya da cikakken ciki yakan sha ƙwannafi da minshari, ya tashi da nauyin jiki.

Lissafin abin da ke shiga baki

Masana suna auna ƙarfin abinci da ma'auni mai suna kalori. Giram ɗaya na garin hatsi ko sukari yana da wajen kalori 4, giram ɗaya na mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da wajen kalori 120, watau kusan abin da babban mutum zai ƙone a tafiyar rabin awa. Tafin hannu ɗaya na soyayyiyar gyaɗa ya kai wajen 170. Gyaɗa abinci ce mai kyau, amma mai hira yakan ci tafi uku ko huɗu bai sani ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babba zai sha a yini ya wuce wajen ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalba ɗaya ta lemo tana iya ɗauke da cokali 8 ko 9. Mai shan kwalba ɗaya kowane dare ya sha wajen kilo guda na sukari a wata. Saboda irin wannan ne gwamnatin Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi cikin dokar kuɗi ta 2021. Gishiri kuma kada ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, a haɗe da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire da ƙullin indomi. Burukutu da giya su ma suna ƙara tumbi, suna kuma kwance wa mutum niyyar da ya ɗaura da safe.

Yadda za mu san ko muna bukatar ragewa

Ba sai da sikeli ba. A sami igiya a auna tsawon mutum daga ƙafa zuwa ka, a yanke. A ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita daidai saman cibiya kaɗan. Idan bakin igiyar biyu ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, gama ƙugu bai kamata ya kai rabin tsawon mutum ba. Idan akwai tef na tela, a lura: namiji ya wuce santimita 94, ko mace ta wuce 80, lokacin kulawa ya yi. Wannan gwaji ba na mai ciki ba ne, ba kuma na yara ba.

Sai a je asibiti a auna jini. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku dabam dabam, hawan jini ke nan, ko mutum ba ya jin komai. A nemi a gwada sukari kuma, tun ba in ana yawan fitsari da dare da yawan ƙishi ba.

Abin da za mu yi a gida

1. Mu ci da rana. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Mai son rage nauyi kada ya yini da yunwa, gama bashin da ya ci da rana da dare zai biya har da riba. A karya da abu mai riƙe ciki, kamar koko da ƙosai biyu ko uku, ko ɗumame, ko dafaffen wake, ko ƙwai. Da rana a ci ɗanwake, ko fate, ko dafaffen dankali, ko fura da nono ba sukari.

2. A sauke tuwo da wuri. A yi ƙoƙari a ci kafin duhu ya yi sosai, a bar awa biyu ko uku tsakanin ci da kwanciya. Wannan ba aikin uwargida kaɗai ba ne. In maigida bai kawo hatsi da kuɗin niƙa da itace a kan lokaci ba, tuwo ba zai sauka a kan lokaci ba.

3. Kowa da kwanonsa. Cin akushi ɗaya zumunci ne, amma ba wanda ya san iyakar lomarsa a ciki. A zauna tare, mai rage nauyi ya ɗebi nasa a ƙaramin kwano, kada ya ƙara. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A lokacin rani malmala kamar dunƙulen hannun mai ci, ko ɗaya da rabi, ta isa. A lokacin huɗa da noma da girbi a ƙara, gama jiki yana bukata.

4. Ganye ya fi tuwo yawa. A fara da kwaɗon zogale ko rama ko tafasa, da ƙuli-ƙuli kaɗan. Miyar kuka da kuɓewa da karkashi da taushe a zuba da yawa, mai kuwa a auna shi da cokali, kada a tsiyaya daga kwalba. Wake da waken soya suna riƙe ciki fiye da tuwo zalla, kuma a gonarmu suke. Hatsin da ba a surfe shi ƙwarai ba ya fi daɗewa a ciki.

5. A ci a hankali. Ciki yakan ɗauki wajen minti 20 kafin ya sanar da kai ya cika. Mai sauri ya riga ya wuce iyaka kafin labari ya iso.

6. A rufe kwano. Da an gama, uwargida ta raba sauran tuwo ta ajiye domin ɗumamen yara. A wanke hannu, a goge baki da asuwaki. Bakin da aka wanke ba ya saurin neman abu.

7. A shirya wa hira. In za a fita dandali, kada a tafi da kuɗin shayi a aljihu kowane dare. In yunwa ta taso, a sha ruwa tukuna a dakata kaɗan. In ba ta tafi ba, a ci yalo, ko karas, ko gwaiba, ko goruba, ko gyaɗa tafi ɗaya tak. Zoɓo ko shayi ba sukari ya fi lemon kwalba. Goro da shayi mai kauri da dare suna hana barci.

8. Masu gadi su ci abincinsu kafin su fita, su riƙe ruwa da abu ɗaya mara nauyi, su rama barci da rana. A raba kwanakin gadi yadda ba wanda zai yi dare da yawa a jere. Babba yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye.

9. A ba jiki aiki da rani. Tafiyar rabin awa da sauri, kwana biyar a mako, ta cika minti 150 da masana lafiya suke so. Kai taki gona, da gyaran rumbu, da ban ruwan lambu duk suna cikin lissafi. A yi tafiyar cikin gari ko inda aka tabbata da lafiyar hanya, kuma a tafi da abokin tafiya.

Idan an yi biki an ci da yawa, kada a ce ai shi ke nan an karya. Kashegari a koma kan tsari, kada kuma a rama da yinin yunwa.

Nawa za a rage?

Ba a bukatar mutum ya koma kamar saurayi. A 2002 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji a Amurka da mutum fiye da 3,000 waɗanda sukarinsu ya fara hawa. Waɗanda aka koya wa gyaran ci da tafiyar minti 150 a mako, da nufin rage 7 cikin 100 na nauyinsu, kamuwarsu da ciwon sukari ta ragu da 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wannan wajen kilo 6 ne kawai. Rabin kilo a mako ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Gargaɗi

Mace mai ciki da mai shayarwa da yara masu girma ba su cikin wannan magana. Su ƙari suke bukata. Mai ciwon sukari da ke shan ƙwaya ko yin allurar insulin kada ya rage abinci ko ya tsallake shi sai ya yi shawara da likita, gama sukari yana iya faɗuwa da dare ya sumar da shi. Mai shan maganin hawan jini kada ya bari don nauyi ya fara sauka. Wanda yake ramewa ba da niyya ba, ko yana tari da zufan dare, ya tafi asibiti da sauri. Wanda kuma yake farkawa tsakar dare ya kasa komawa barci sai ya ci, ko yake cin abinci a ɓoye yana baƙin ciki, ya gaya wa malamin asibiti. Ciwo ne da ake taimako a kansa, ba abin kunya ba ne.

Mu yi hankali da shayin rage tumbi da garin magani da ake talla a kasuwa da lasifika. Da yawansu zawo da fitsari kawai suke sawa. Abin da ya fita ruwa ne, kitse yana nan, ƙoda kuwa tana shan wahala. Haka kuma ƙwayoyin sa ƙiba da waɗansu 'yan mata suke sha kafin aure suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari.

Aikin ƙungiya

Abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar ƙungiya. Yadda muke haɗa kuɗi mu sayi taki da iri, haka za mu iya fitar da kaɗan daga asusu mu sayi na'urar awon jini da sikeli da tef. A roƙi ma'aikacin lafiya na asibitin da ke kusa ya koya wa mutum biyu, namiji da mace, yadda ake awo. A yi awo sau ɗaya a wata bayan taro, a rubuta wa kowa a takardarsa. Kada a karanta nauyin kowa a gaban jama'a, kada kuma a yi wa kowa ba'a.

A taronmu da na zumuntar mata, a kawo ruwa da zoɓo mara zaƙi maimakon akwatin lemo. Kowane gida ya dasa zogale a bakin shinge. Da kaka a shanya kuɓewa da rama da yakuwa a inuwa, a adana domin rani. Inda akwai rijiya ko fadama kusa da gari, ƙungiya ta kama lambu. Ga ganye, ga motsa jiki, ga ɗan kuɗi.

Mu tuna kuma, lomar da maigida ya rage da dare ba asara ba ce. Ita ce ɗumamen ɗansa da safe, ita ce kuma mudun da zai rage a rumbu a watan Agusta sa'ad da hatsi ya yi tsada.

Tambayoyi domin taron wata

Da ƙarfe nawa ake cin tuwon dare a gidajenmu, me kuma yake jinkirta shi? Wa yake samun nama da ƙwai da wake a gida, wa yake samun saura? Nawa kowannenmu ya kashe a teburin mai shayi a makon da ya wuce? Mutum nawa a cikinmu aka auna jininsu a wannan shekara?

A tattauna waɗannan, magatakarda ya rubuta abin da aka shirya yi, a duba shi a taro na gaba. Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu damina da ƙarfinmu.